Tarihin Rayuwata a Gareji, Kashi na 14: Kafin a Sauke Giyabos

Makon jiya mun tsaya a kan Prado ɗin da aka shigo da ita daga yankin Tangaza, mai injin fetur na lita 2.7 da giya huɗu mai canza kanta. Direbanta ya sauko yana share zufa, ya ce wa maigidanmu: "Ranka ya daɗe, giya ta mutu. Ba ta jan yashi, ba ta canzawa sai ta yi kuka, in ta canza kuma sai ta yi harbi. Inda munka fara kai ta an ce sai an sa wata." Maigida ya ce masa: "Zauna ka sha ruwa, Malam. Ba mu kwance komai sai mun ji ta bakin injin."

Dalilin wannan magana shi ne abin da nake son masu mota su gane. Ƙwaƙwalwar mota tana zaɓen giya ne ta hanyar duba gudun motar da kuma yawan totur da aka taka. Idan injin ya yi rauni, dole direba ya ƙara taka totur kafin ya samu gudun da ya saba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ana hawan tudu ne ko ana son wuce wata mota, sai ta riƙe ƙaramar giya, ta jinkirta canji, in ta tashi canzawa ta yi da ƙarfi. Direba yana jin harbin a giya, alhali ciwon yana gaba. Da yawa an sayi giyabos ɗin tokumbo an ɗaura, mota ta fita da ciwon da ta shigo da shi, kuma wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Man giya ake fara dubawa. Mota ta yi zafi, a wuri mai daidai, injin yana aiki, a zagaya da sandar giya kowane gida sannan a mayar da ita P, a zaro sandar awo. A ɗiga man a kan farar takarda. Lafiyayye ja ne garau. Wanda ya tsufa yakan koma ruwan ƙasa. In ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama, faifan kulocin ciki sun fara ƙonewa. In kuwa ya fito kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, ruwa ya shiga, kuma galibi daga lagireto ne, domin bututun da ke sanyaya man giya a cikin tankin lagireto yake bi, in ya fashe su haɗu. Wani lokaci ta ƙofar numfashin giyabos ruwan ke shiga, in an kutsa fadamar Rima da damina. Wannan mota kada a ƙara tuƙa ta ko taku ɗaya. Mafi yawan masu giya biyar na baya-bayan nan ba su da sandar awo, ta wani noti da ke jikin farantin ƙasan giyabos ake duba su, kuma man WS suke sha, tsofaffin kuma T-IV ko Dexron, gwargwadon samfuri. Kada a haɗa.

Na wannan Prado ya yi duhu amma babu ƙauri, kuma a cike yake.

Sai gwajin jinkiri. An taka birki, injin yana aiki ba a taka totur ba, a ɗauko giya daga N zuwa D, a ƙirga har a ji ta kama. Toyota ta ce kada ya kai daƙiƙa 1.2, zuwa R kuma kada ya kai 1.5. Wadda ke ɗaukar daƙiƙa uku ko huɗu, ƙarfin mai ya yi ƙasa ko faifai sun cinye. Tamu ta kama nan take.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na gaba, kuma yana da haɗari, saboda haka ba na yara masu koyo ba ne su kaɗai. A sa wa tayoyi huɗu waigi, a ja birkin hannu, kowa ya kauce daga gaba da baya. Ƙafar hagu ta danne birki sosai, a sa D, ƙafar dama ta taka totur har ƙasa, a karanta inda allurar juyin injin ta tsaya, a saki. Kada a wuce daƙiƙa biyar, domin a wannan ɗan lokacin man yana ɗaukar zafi mai tsanani. A bar ta ta huce a N kafin a maimaita. Kowane samfuri da adadinsa a littafin kamfani, amma irin waɗannan motoci sukan tsaya wajen 2,000. In allura ta zarce can sama, giya ce ke zamewa. In ta gaza kaiwa, injin ne ba shi da ƙarfi, ko kuma da wuya, kwanbatar da ke tsakanin injin da giya. Tamu ko kusa da 2,000 ba ta je ba.

Da aka jona kwamfuta a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, lamba ɗaya ta fito: P0171, wato mai ya yi wa iska kaɗan. Babu lambar giya ko ɗaya. Aka buɗe gidan matatar iska, sai ga takardar ta yage a lungu biyu, an yi ta hura mata iskar famfo mai ƙarfi har ta gaji. Ƙurar hunturu ta bi ta nan ta lulluɓe siririyar wayar da ke auna iska, har ta yi fari kamar an barbaɗa mata garin gero. Waya mai datti tana faɗa wa ƙwaƙwalwa iska kaɗan ce ke shiga, ita kuma ta rage mai. Da feshin da aka yi dominta ake wanke ta, ba a taɓa ta da tsinke ko tsumma, a bari ta bushe. Matata kuma sabuwa ake sawa. A ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ke bin hanyar ƙauye ya duba tasa kowane mako.

Bayan haka motar ta ɗan farfaɗo, amma ba ta cika ba. Aka sa agogon awo a bututun fetur. Ya kamata matsin man ya tsaya wajen 3 a ma'aunin "bar", ya kuma riƙe in an ba ta wuta, sai aka ga yana faɗuwa. Aka sauke tanki, rariyar famfon mai ta toshe da laka, irin abin da man jarka na 'yan bumburutu ke bari in ba a tace shi ba. Aka sa sabon famfo da rariya. Da wannan bai wadatar ba, da fulogi da kwayil za a bi, sannan abin nan na cikin salansa da bakanikai ke kira indomi, wanda in ya toshe injin ba ya iya fitar da numfashi, sannan a auna matsin kowace silinda.

An sauke farantin giya duk da haka, tunda man ya tsufa. Maganaɗisun ciki yana ɗauke da laushin toka kawai, wanda ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙaƙen ɓawo ake tsoro. Abin da ke zuba ta faranti 'yan litoci ne, mafi yawan man yana maƙale cikin kwanbata, don haka sai an canza, an yi tafiya, an sake canzawa.

Duhun man kuwa daga yashi ne. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ya haura digiri 40, direba ya shiga rairayi da ƙaramar sandar giya a gidan H na gudu yana danna totur, kwanbata tana ta murza mai ba hutu. A tsaya cak, a sa N, a mayar da ƙaramar sanda gidan L na ƙarfi, sannan a shiga. In fitilar zafin man giya ta kama, a tsaya a P a bar injin yana aiki har fitilar ta mutu. Kuma a tabbata ƙaramar sandar ta shiga gidanta: in ta maƙale a N ɗinta, injin zai yi ta kuka mota ba ta motsi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo kan Hilux ɗin da aka jawo da igiya daga Illela ba a cire mata farfela ba, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi.