Dashen itatuwa a Zangon Kumasi: yadda muke yi su tsallake hunturu

Tun da aka fara ranar Green Ghana, wato ranar dashen itatuwa ta ƙasa baki ɗaya, a 11 ga Yuni 2021, da burin dasa itatuwa miliyan 5, muke karɓo dashe daga hukumar gandun daji muna kafawa a makarantun Islamiyya, harabar masallatai da gefen maƙabarta a Aboabo da Asawase. Aikin reshe ne na wani babban alkawari. A shekarar da aka ƙulla yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, wato 2015, aka ƙaddamar da AFR100, shirin ƙasashen Afirka na farfaɗo da dazuzzuka, kuma a ƙarƙashinsa Gana ta ɗauki nauyin farfaɗo da hekta miliyan 2 na ƙasar da ta lalace kafin 2030. Masu tarurrukan duniya hekta suke ƙirgawa. Mu a unguwa sai watan Maris muke ƙirga namu, mu ga nawa suka rage da ganye.

A ganina Yuni ya ɗan makara. Ruwan Kumasi yakan kankama tun Afrilu, ya tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Wanda aka dasa a Afrilu ko Mayu saiwarsa ta yi nisa kafin tsagaitawar. In sai Yuni aka samu, a dasa a makon, kada a jibge shi a rana ana jiran manyan baƙi su zo ɗaukar hoto. Satumba ta ciko ce, a maye gurbin waɗanda suka mutu, kuma su sai da ban ruwa har ƙarshen rani.

Rami muna yin santimita 45 faɗi, 45 zurfi. Ƙasar sama mai duhu a ajiye ta gefe guda, jar ta ƙasa gefe guda. Mai duhun ake cuɗawa da ruɓaɓɓen taki kamar rabin bokiti a fara zubawa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe ya ruɓe. Ƙasar Zango cike take da leda da ɓaraguzan siminti, a tsince su tas. A tsaga ledar dashen da reza a cire ta gaba ɗaya, in saiwa ta nannaɗe a gindin ledar a datse wurin, domin in an bar ta haka za ta ci gaba da zagaye, itacen ya tsumbure, iska mai ƙarfi ta kayar da shi. Wuyan dashen ya yi daidai da fuskar ƙasa. A danne da ƙafa, a yi ɗan gurbin tare ruwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikin itacen, nan gara ke samun hanya.

Akuya ta fi fari ɓarna a wurinmu. Keji na gora ko tsofaffin katako, tsayin mita ɗaya da rabi, a kafa shi ranar dashen, ba gobe ba. Kowane itace kuma a ba shi mai shi, ladan ne, mai shayi ne ko wani aji na ɗalibai. Daga Disamba zuwa Fabrairu bokiti guda sau biyu a mako da yamma ya fi yayyafin kullum, don ruwa mai yawa ne ke jan saiwa ƙasa. Ruwan alwala ya wadatar, mai sabulun wanki ne ba a so.

Zaɓen iri shi ne inda ake yawan asara. Darbejiya ba ta da laulayi, amma saiwarta tana fasa kwata da katanga, a ba ta aƙalla mita 5 daga gini, kuma a ɗaga kai a duba wayar lantarki. Mangwaro shi mutane suka fi kula da shi, dalili kuwa a fili yake. Madaci yana da wata tsutsa mai huda kan tsiro, kan ya bushe, itacen ya yi rassa barkatai. Muna datse su mu bar guda ɗaya mafi ƙarfi, kuma ba ma jera madaci zalla.

Odum, babban itacen katakon nan da ake kira iroko, ya fi duka wuya. A fili tsirara wani ɗan ƙwaro ke sa sabon ganyensa ya kumbura ya dunƙule, don haka sai a tsakanin wasu itatuwa, inda akwai ɗan inuwa. Duk da haka muna sa shi inda fili ya isa, saboda jemagun nan da ke cika itatuwan gidan namun daji kusa da kasuwar Kejetia suna cin 'ya'yansa, su ne kuma ke baza irinsa zuwa nesa. Jemagun masu ƙaura ne, suna cikin dabbobin da yarjejeniyar Bonn ta 1979 kan dabbobi masu ƙaura ta nemi ƙasashe su haɗa hannu a kansu. Odum yana da namiji da mace a itace daban-daban, ba a kuma gane su a leda, saboda haka in ana son 'ya'ya a dasa da dama a wuri guda, tazarar mita 10 ko fiye.