Ashe ba jifa ba ne

Wata uku na yi ina zargin yaran unguwarmu a Garwa da jifan karena. Kawu ne ya kawo mini shi yana ɗan kwikwiyo, don ya riƙa gadin ragunan da nake turkewa saboda layya. Na sa masa suna Duna. Kusan kullum sai in tarar da sabon rauni a wuya ko a gadon baya, a wangale kamar bakin kifi, jinin kuwa kaɗan. Har faɗa na yi wa ɗan maƙwabcina a gaban jama'a.

Da na kai shi wajen likitan dabbobi aka ɗinke, ɗinkin bai kwana biyu ba, zaren ya tsaga fatar ya fito. Komawarmu likita ya kama fatar bayansa ya ɗaga, sai ta biyo hannunsa kamar rigar aro. Ya auna tsayin abin da ya ɗago, ya kwatanta da tsawon jiki daga ƙeya zuwa gindin wutsiya. A kare, in ya haura kashi 14.5 cikin 100 akwai matsala, na Duna kuma ya haura.

"Malam, babu wanda ya taɓa shi," in ji likita. "Gado ne, da shi aka haife shi."

Kolajin ɗinsa ne bai saƙu daidai ba, wato zaren da ke riƙe fata da gaɓoɓi. A jikin mutum ana kiran cutar Ehlers-Danlos, da sunan likitoci biyu, ɗan Denmak da Bafaranshe, da suka yi bayaninta a 1901 da 1908. Ba a ɗaukar ta, kuma ba ta warkewa, sai dai kiyayewa.

Sarƙa na fara cirewa. Na kwashe shingen ƙaya na bayan garke, na share ƙarangiya. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne kaska da ƙuma: susa ɗaya da farcensa ta isa ta yage shi. Yanzu ba na wasa da maganinsu, ina yanke masa farce, ina sa masa tsohuwar riga. Wani maharbi ya nemi a haɗa shi da karyarsa, na hana, don 'ya'yan za su iya gada.

Daren da muka dawo daga wajen likita na ɗauki goro na sallama wa maƙwabcina, na ce a kira mini yaron, na ba shi haƙuri a gaban babansa.