Hasumiya ba ta ba da izini ba

Tun bayan la'asar muka yi ɗawafin bankwana, ni da Inna, saboda tikitinmu ya ce ƙarfe biyun dare jirgi zai tashi daga Jidda, ejan kuma ya ja mana kunne mu isa fili da wuri. Umrar azumin 2024 ce ta kai mu, muka zarce muka yi ƙaramar Sallah a gidan Kawu, can wajen Sharar Mansur inda Hausawan Makka suka fi yawa. Kawu ɗan wan mahaifin Inna ne, a Makka aka haife shi, Hausarsa cakuɗe take da Larabci. Mahaifinsa da ƙafa ya baro ƙasar Kano, ya bi ta Chadi, ya ratsa Fashir da Ubayyid a Sudan yana noma a gonakin mutane don ya tara guzuri, har ya isa Sawakin ya tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa. Shi ya sa duk sanda muka yi ƙorafin jirgin sama a gabansa sai ya yi dariya ya ce, “Ma'alesh, ɗana, ku da kuke zuwa tsakanin azahar da magariba.”

Shi ya tuƙo mu da kansa. Da muka doshi filin jirgin Sarki Abdul'aziz, tun daga nesa ake hango hasumiyar da ake ba jirage umarni, tsayinta mita 136, tana cikin mafi tsawo a duniya. Can gefe kuma ga rumfunan alhazai masu siffar tanti, guda 210, waɗanda suke nan tun da aka buɗe filin a 1981. Kawu ya taya mu ɗaure jarkokin Zamzam biyu, lita biyar-biyar kamar yadda doka ta yarda, ya cusa wa Inna ledar dabino, ya ce min, “Ka riƙe min ƙanwata amana.” Muka yi sallama.

Awon kaya bai ba mu wahala ba, in ban da cajin da aka yi wa wata Hajiya 'yar Gusau a kan kilo uku da suka haura, har da hawayenta. Ƙarfe goma sha ɗaya muna ɗakin jira. Ƙarfe ɗaya allo ya canza, aka rubuta an jinkirta, ba a faɗi zuwa yaushe ba. Ma'aikacin kamfanin guda ɗaya da ke bakin ƙofa ya ɗauki wayarsa ya kara a kunne, ya bi wani lungu, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba sai wajen asuba. Mu kusan ɗari uku, yawanci tsofaffi, babu wanda ya tako ya ce mana ci kanku. Inna tana da ciwon suga, na shiga neman abin da za ta sa a cikinta, ruwan gora da burodi kawai na samu, a farashin da a Sharar Mansur zai ciyar da mutum uku.

Bayan sallar asuba aka ce mu shiga. Muka shiga da murna, aka rufe ƙofa, jirgi ya ƙi motsi. Rana ta fara ɗagowa, iskar ciki ta yi nauyi, jarirai suka fara kuka. Can matuƙi ya yi magana ta lasifika, da Turanci, cewa yana jiran izini daga masu kula da zirga-zirgar jirage. Babu wanda ya maimaita da Hausa, alhali in ka cire mutum goma a jirgin nan sauran duk Hausa suke ji. Ni na riƙa juyawa ina faɗa wa na kusa da ni, su kuma suna miƙawa baya, kafin maganar ta kai kujerun ƙarshe ta koma wai Sarki ne zai sauka shi ya sa aka tare hanya. Da muka shafe sama da awa biyu a haka sai aka buɗe ƙofa aka ce kowa ya ɗauki jakarsa ya sauka.

Nan fa aka yi wa hasumiya ca. Wani ɗan kasuwar Kwari ya ce wariya ce, jiragen Turai da na Dubai suna ta tashi a gabanmu, mu ne baƙaƙe aka ajiye. Ni ma zuciyata ta karkata can, don ta taga ina ƙirga su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Wani dattijo da ke zaune kusa da keken Inna, sanye da farar jallabiya da tabarau mai kauri, shi ya tanka masa. Ashe a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ya yi karatu, ya ƙare aikinsa yana ba jirage umarni a Kano har ya yi ritaya. Ya ce, “Alhaji, hasumiya ba ta san launin fatarka ba, lamba kawai take gani. Ka tambaya ƙarfe nawa jirgin nan ya iso.” Ya yi mana bayani dalla-dalla. A fili mai cunkoso irin Jidda, musamman ƙarshen azumi, kowane jirgi da gurbin lokacin da aka ware masa. In ya zo a makare ya rasa gurbinsa, sai ya jira a sama masa wani, kamar motar tasha da ta bar layinta, baya za ta koma. Kuma matuƙa suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi a bakin aiki, in jira ya cinye su dole a sauke fasinja su je su yi barci. A ganinsa abin da ya same mu ke nan. “To, Baba, me ya hana su faɗa mana haka?” na tambaye shi. Ya ce, “Ɗana, wa zai je ya tuhumi hasumiya? Ba ka ganinta, ba ka da lambarta.”

Daga baya na gane akwai kuɗi a cikin maganar. Wani saurayi ɗan Hausawan Jidda da ke tura kekunan tsofaffi, wanda ya ce min a Karantina ya tashi kafin a rushe unguwar, shi ya nuna min a wayarsa sabuwar dokar kare haƙƙin fasinja da hukumar jiragen sama ta Saudiyya ta fara aiki da ita a Nuwamban 2023. Jinkirin da ya wuce awa shida akwai diyyar riyal 750, ban da abinci da masauki. Sai dai irin waɗannan dokoki kan sauke wa kamfani nauyin diyya idan dalilin ya fi ƙarfinsa. Makara laifin kamfani ce, umarnin hasumiya kuwa ba laifinsa ba ne. Ka lissafa riyal 750 sau ɗari uku, za ka san dalilin da ya sa matuƙi ya zaɓi kalamansa.

Kada a ɗauka Baba wanke abokan aikinsa yake yi baki ɗaya. Da na zauna kusa da shi sai na tarar ya fi mu jin haushin yadda ake tafiyar da sararin sama, musamman a kan hanyar tamu. Daga Jidda zuwa Kano jirgi yana wucewa hannu zuwa hannu: Saudiyya ta miƙa shi, a da Khartoum ta karɓa, ta miƙa wa Njamena, Njamena ta miƙa wa Kano. Ya ce akwai wurare a tsakiyar Afirka da na'urar hangen jirage ba ta kaiwa, rediyon ƙasa ma yankewa yake, har ta kai matuƙa suna da wata tasha tasu, 126.9, inda kowa ke shelanta inda yake da tsayin da yake kai don kada a yi karo. Ya tuna mana Satumban 2022, lokacin da ma'aikatan ASECNA, hukumar da ke kula da sararin Nijar da Chadi da Kamaru da sauran ƙasashe rainon Faransa, suka shiga yajin aiki kan albashi da yanayin aiki, jirage suka yi cirko-cirko daga Dakar har Duwala. Kuɗin ratsa sama kowace ƙasa tana karɓa a kan kowane jirgi, in ji shi, amma nawa ne ke komawa wajen sayen kayan aiki da horar da yara? Mutum ɗaya na riƙe da rayuka dubbai a kunnensa, ya yi dare ya yi rana, wanda zai canje shi bai zo ba.

Sai kuma Sudan. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, har aka harbi wani jirgin Saudiyya yana ƙasa yana shirin tashi, aka rufe sararin ƙasar, daga baya aka buɗe gefen Port Sudan kawai. Abin ya shafi har Sudan ta Kudu, don a lokacin daga Khartoum ake kula da samanta na can ƙololuwa. Miƙaƙƙiyar hanyar da ta haɗa Kano da Jidda ta toshe, dole a yi zagaye, a sha ƙarin mai, a nemi izinin ƙarin ƙasashe. A Hajjin shekarar kamfanonin jigila sai da suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Nijar ma ta rufe nata saman na kusan wata guda. Hanyar da mahaifin Kawu ya bi a ƙasa, yau ko ta sama ba ta biyuwa.

Inna, da ta sha shayi ta ɗan farfaɗo, ta ce ita dai jirgin da ya fi. Zuwanta na farko zamanin Nigeria Airways ne, wanda ya durƙushe a 2003, ta ce a lokacin ana ba ka abinci mai zafi a faranti, kujera da fili, ma'aikata suna ce maka sannu Hajiya. Baba ya ce, “Hajiya, a yi dai sha'ani. A wancan zamanin ma alhazai sun sha kwana a Madinatul Hujjaj, masaukin alhazai na nan Jidda, suna jiran jirgi.” Daga nan ya kawo labarin 11 ga Yulin 1991. Jirgin haya ƙirar DC-8, na wani kamfanin Kanada, ya ɗauki alhazan Sakkwato daga wannan fili. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an sani, amma don kada a makara aka ce a tafi. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Har ruɗani aka samu a rediyo, mai ba da umarni ya ɗauka wani jirgin daban ne ke neman dawowa. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. “Sauri ya haifi nawa,” in ji Baba. “Ni in matuƙi ya gaji, gara na kwana a kan tayil ɗin nan.”

Ban musa masa ba, kuma na yarda jirgin yau ya fi na jiya tsaro nesa ba kusa ba. Abin da ya lalace wani abu ne daban. Tikiti ya ninka ya sake ninkawa, kujera ta matse har gwiwa na dukan bayan ta gaba, abinci ya koma biskit da ɗan lemo, kilo ɗaya ya haura a caje ka. Wannan duka da sauƙi. Wanda ya fi ci min rai shi ne a tara tsofaffi dare guda babu mai fitowa ya ce ga abin da ya faru, ga lokacin da muke sa rai, ga ruwa ku sha. Waɗannan mutane ne da suka yi sa'ayi da ƙafafu a kumbure ba su koka ba, da an faɗa musu gaskiya da harshensu da sun shimfiɗa darduma sun jira. Kuma ba a ce abin ba ya gyaruwa ba. A cikin Saudiyyar muka hau jirgin ƙasa na Haramain daga Madina zuwa Makka, kilomita 450, ya tashi a mintin da aka rubuta. A wannan filin ma, da aka yi cunkoson ƙaramar Sallah a Mayun 2022 fasinjoji suka yi ta kwana a waje, an kafa kwamitin bincike, an sauke shugaban kamfanin da ke tafiyar da filin cikin kwanaki kaɗan. A wajenmu wa aka taɓa saukewa saboda fasinja ya kwana a ƙasa?

Wajen azahar aka raba mana shinkafa da kaza a roba. Masauki kuwa ko zancensa ba a yi ba. Kawu ya yi ta kira yana cewa zai zo ya ɗauke mu, amma an riga an buga mana hatimin fita a fasfo, babu komawa. Sai bayan magariba muka sake shiga, wannan karon cikin minti ashirin muna sama. A ɗan allon da ke gabana na ga jirgin ya karkata kudu ta Eritiriya da Habasha, ya yi yamma ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru, sannan ya hauro arewa. Tafiyar da a da ba ta cika awa biyar ba ta kusa cin bakwai.

Mun sauka Kano tsakar dare. Jakunkuna sun fito, jarkar Zamzam ɗaya ba ta fito ba. Baba ya karɓi kayansa, ya yi wa Inna fatan Allah ya karɓi ibada, jikansa ya ja shi suka wuce. Da na huta na rubuta wa kamfanin takarda, na haɗa da hoton tikiti da na allo, na ambaci dokar da riyal 750 ɗin, nawa da na Inna. Bayan mako uku amsa ta zo, layi huɗu da Turanci: suna ba da haƙuri, jinkirin ya faru ne saboda umarnin masu kula da sararin sama, wanda ba ya hannunsu. Ba su ce komai a kan Zamzam ba.