Ranar da na haɗa hazard da hatsari a gaban direbobi

Har yau idan na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. An ɗauke ni in koyar da direbobin tankar mai matakan kariya da Hausa, kuma kalmar hazard ta cika takardun. Don in sauƙaƙa musu, sai na ce ai wannan kalma tamu ce, ita da hatsari uwa ɗaya uba ɗaya, duk daga Larabci suka fito. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, har na rubuta su jere a allo. Ban duba ko'ina ba, kunnena kawai na bi.

Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, gafara dai. Mu a Faransanci hasard dace ne, kamar ka haɗu da mutum ba zato. Ina hatsari a nan?" Na yi ta kame-kame, mutum sama da talatin suna kallona.

A daren na zauna da ƙamus, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe gaskiyarsa ce. Turanci ya ari kalmar daga tsohon Faransanci wajen shekarar 1300, kuma a lokacin sunan wata caca ce da ake yi da 'ya'yan lido guda biyu. Ka jefa, ko ka ci ko a cinye ka. Daga cacar ma'ana ta koma kan sa'a, daga baya Turawan Ingila suka karkata ta zuwa abin da ka iya cutarwa, Faransawa kuma suka riƙe ma'anar dace. Masana da dama suna danganta ta da azar ta Sifaniyanci, ita kuma da az-zahr, ɗan lido a Larabci, ko da yake wasu na jayayya don babu wannan ma'anar a tsofaffin ƙamusoshin Larabci. Akwai ma wata tsohuwar ruwaya da ta ce sunan wata ganuwa ce a Siriya inda mayaƙan Turai suka ƙirƙiri wasan.

Hatsari kuwa, ko haɗari, daga khaɗar ta Larabci take, kamar yadda khamis ta zama Alhamis. Saiwarsu daban, sautin ne kawai ya yi kama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na bincika da na samu labarin da ya fi nawa daɗi, kuma ya fi amfani ga direba: duk wanda ya kunna taba kusa da tanka caca yake yi da ransa.

Washegari kafin in fara darasi na goge allon, na ce jiya na yi kuskure, Baba ne ke da gaskiya. Na ba su labarin 'ya'yan lidon. Daga nan ne ma suka kama bambancin hazard, wato abin da ke iya cutarwa kamar man da ya zuba, da risk, wato yiwuwar cutarwar ta faru. Amma direbobi biyu da suka ji bayanin farko sun riga sun ɗauki lodi sun tafi, kuma ban sake ganinsu ba balle in gyara.