Abin da wa'adin kwana bakwai ya koya mini game da manyan ƙasashe

Duk wanda ya yi shekaru yana rubuta wa manya takardar shawara kan harkokin yankinmu ya san akwai sakin layin da ake yawan sokewa kafin takarda ta isa sama: wanda ke tambayar me za a yi idan wanda aka yi wa barazana ya ƙi ji. Babban darasin da na ɗauka daga wannan aiki yana cikin wannan sakin layi, kuma rikicin Nijar na 2023 ne ya tabbatar mini da shi.

An kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ba sojojin Janar Abdourahamane Tiani kwana bakwai su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka daskarar da kuɗaɗen ƙasar a babban banki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi. Kuskuren yana cikin lissafin da aka gina wa'adin a kansa: an ɗauka cewa "ƙasashen Yamma" abu guda ne, kuma suna bayanmu.

Ba abu guda ba ne. Faransa, mai sojoji kusan 1,500 a ƙasar, ta fito fili tana goyon bayan matakin ƙarfi, domin Nijar na cikin matsugunanta na ƙarshe a yankin Sahel bayan an sallame ta daga Mali da Burkina Faso. Amurka kuwa hankalinta na kan sansanin jirage marasa matuƙa da ta kashe wa sama da dala miliyan 100 a Agadas. Shi ya sa ta tura babbar jami'ar diflomasiyyarta Victoria Nuland Yamai ranar 7 ga Agusta, kuma ba ta kira abin juyin mulki a hukumance ba sai a watan Oktoba, don dokarta na tilasta yanke tallafi da zarar an furta kalmar. Chaina tana jiran a kammala bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin man Agadem na Nijar zuwa gaɓar tekun Benin. Rasha ba ta buƙatar yin komai. Tutocinta sun riga sun cika titunan Yamai. Wanda ya jera waɗannan buƙatu huɗu a shafi guda zai ga cewa babu mai zuba wa jirgin yaƙinmu mai.

Goyon bayan Faransa ma illa ya zama. Daga ranar da aka ji muryar Paris a bayan wa'adin, talakan Maraɗi da na Katsina suka daina kallonsa a matsayin kare dimokuraɗiyya, suka ɗauke shi aiken Bature. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da yaƙi ranar 5 ga Agusta, wa'adi ya cika washegari ba a motsa ba, kuma malaman addinin Musulunci na Najeriya da suka je Yamai sun samu ganin Tiani a lokacin da tawagar farko ta ƙungiyar ta dawo ba ta gan shi ba. Ina ganin da su aka fara turawa, da ba mu kai inda muke ba. Akwai waɗanda suka san iyakar Najeriya da Nijar mai tsawon kusan kilomita 1,500, suka kuma faɗi abin da rufe Illela da Jibiya da Maigatari zai yi wa 'yan albasa da masu dabbobi. Ba a rasa masu ilimi ba, mai saurare aka rasa.

Kafin a sa hannu kan wa'adi, abubuwa uku ake tabbatarwa a rubuce: wa zai biya kuɗin rundunar, wa zai ba da jiragen jigila da bayanan sirri, kuma majalisar ƙasar da za ta ba da mafi yawan dakaru ta yarda ko ba ta yarda ba. In ɗaya ya ɓace, a bar adadin kwanaki daga cikin sanarwa. Takunkumi kuma a rubuta masa ƙofar fita tun ranar farko, a ware magani da abinci da wuta. Na Nijar an janye shi ranar 24 ga Fabrairu 2024 ba tare da an saki Bazoum ba, bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel (AES) a Satumban 2023, sun kuma sanar da ficewarsu daga ECOWAS ranar 28 ga Janairu 2024.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙasar da ba ta da teku tana da hanya fiye da ɗaya: da aka rufe gadar Malanbil da ke kan iyakar Nijar da Benin, kaya suka koma tashar jiragen ruwan Lome ta hanyar Burkina, da tsada da rakiyar soja, amma sun shiga. Mai sayen man ka na iya zama bankinka, kamar yadda kamfanin mai na Chaina, CNPC, ya ba Nijar dala miliyan 400 a Afrilun 2024 a kan man da ba a haƙo ba tukuna. Sauya uban gida ba ya rage kuɗin tsaro: Faransawa sun fita a Disamban 2023, masu horar da soja na Rasha sun sauka a Afrilun 2024, Amurkawa sun kammala kwashe kayansu a Satumban 2024, hare-hare a Tilaberi kuma ba su tsaya ba.

Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS ya tanadi shekara guda tsakanin sanarwar ficewa da tabbatarta. Shekarar ta cika ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta ragu daga ƙasashe 15 zuwa 12.