Kilomita 400 Saboda Ƙarfe Mai Girman Littafi

Da ƙamshi abin ya fara, wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ke cika motar duk sanda na kunna hita. Daga baya gilashin gaba ya riƙa yin wani maiƙo ta ciki wanda tsumma ba ya fitarwa, sai ma ya ƙara yaɗa shi. Ranar da na ɗaga tabarmar ƙasa ta gefen fasinja na tarar da ita sharkaf, na san magana ta ƙare: ƙaramin lagireton hita ya huje.

Motar Volvo 240 ce, ƙirar 1988. Shi wannan lagireton yana ɓoye ne can cikin dashbod. Ruwan da ya ɗauko zafin inji, kusan digiri 90, yana bi ta cikinsa, fanka ta hura iska a kai, ɗumin ya shigo ɗaki. Bai fi girman littafi mai kauri ba, amma kafin hannu ya kai gare shi sai an kwance rabin gaban motar, aikin yini guda cur. Na taɓa biyan wannan wahalar sau ɗaya: na sayi wani sabo mai sheƙi, marar suna a jiki, aka sa, bai cika wata biyu ba ya soma zufa ta bakin bututu. Kamfanin ya daina ƙera 240 tun 1993, don haka duk wanda ke riƙe da irinta ya san neman kayanta sai da haƙuri. Bakanikena ya haɗe tiyo biyun da ke shiga hitar da juna don ruwa ya daina zuba, ya ce in nemo na ƙwarai ko in haƙura da sanyi.

Muka kama hanyar neman na ƙwarai tun da duhu, ni da ƙanena, tsohon lagireton na asali naɗe cikin jarida a kujerar baya. A wannan tafiyar na gane ashe hita ba kayan jin daɗi ba ce kawai. Numfashinmu ya riƙa rufe gilashi, ba iska mai zafi da za ta busar da shi, sai ƙanena ya zama shi ne mai goga. Da muka fara hawan tsaunuka dole na sauke gilashin gefe kaɗan, sanyi yana yankar kunne.

"Yaya, duk wannan a kan ƙarfen da za ka iya sawa a aljihun riga?" in ji shi, haƙoransa na haɗuwa.

Tsayuwar farko a wani babban kantin kayan gyara muka yi ta. Mai kantin ya fito da kwali biyu. Na jera su kusa da tsohon nawa a kan tebur, kuma nan ne amfanin ɗauko shi ya fito. Na farko bututunsa ya karkace da kamar faɗin yatsa, wanda ke nufin sai an tilasta shi kafin ya zauna, kuma abin da aka tilasta shi ke fara yoyo. Na biyu girmansa daidai, amma da na ɗaga shi sai na ji shi sakayau, layukan da ruwa ke bi ba su kai na nawa yawa ba. Ƙarancin layuka, ƙarancin ɗumi. Na tambayi ko akwai na kamfanonin da aka sani da wannan sana'a, irin su Nissens na Denmak, ko Valeo na Faransa, ko Mahle Behr na Jamus. Ya ce sai an yi oda. Ya dai ba ni shawara mai kyau: in riƙa tafiya da lambar shasi, domin mota iri ɗaya kan zo da akwatin hita daban, gwargwadon ko tana da na'urar sanyaya ɗaki ko babu.

Sai bayan azahar muka isa filin matattun motoci. Layi-layi, ciyawa ta fito ta cikin wasu. Muka sami 240 guda uku, aka ciro mana lagireton kowacce. Ido ba ya gane komai a nan, dukkansu baƙi ƙirin ne da ƙura.

A bakin filin akwai wani dattijo mai gyaran lagireto, da bahon ruwa a gabansa. Ya toshe bututu ɗaya, ya ɗura iska ta ɗayan har agogon awon matsi ya nuna kusan "bar" ɗaya, wato matsin da murfin lagireto ke riƙewa, sannan ya dulmiya shi a ruwa. Na farko kumfa ta taso kamar ana tafasa shi. Na biyu shiru, har na fara murna, sai ya nuna min wani siririn layin kumfa daga kusurwa. Na uku ya daɗe a ruwan, ko ɗigo.

"Baba, wannan ya yi ke nan?"

"Bai huje ba, ɗana. Saura mu ga ko ya toshe."

Ya zura masa ruwa ta baya. Abin da ya fito ja ne kamar laka, sai da aka jima kafin ya washe. Ya ce aikin zallar ruwa ne: wanda ya daina zuba maganin lagireto, tsatsa yake kiwo, kuma hita ce ke fara shan wahalar don hanyoyinta sun fi ƙanƙanta. Ya kankare gefe da wuƙa, tagulla ta bayyana. Irin wannan, in ji shi, da dalma aka haɗa shi, ana iya buɗewa a wanke a sake liƙewa. Na alminiyam mai kan roba kuwa matse shi aka yi, in ya saki ya saki. Ban ɗauki maganarsa a kan cewa duk na alminiyam banza ne ba, akwai nagari, kuma da na sami na kamfanin kirki a kantin nan da na saya. Amma wannan na ga gwajinsa da idona.

Muka kwana a garin. Washegari aka yini ana aiki, na sa aka canza tiyo biyun da maɗauransu gaba ɗaya, don ba na son a sake buɗe dashbod ɗin nan saboda roba. Aka zuba magani da ruwa rabi da rabi, aka bar inji yana aiki har iskar da ta maƙale ta fita.

Da dare muka juyo. A daidai tsaunukan na murɗa hita, gilashi ya washe daga ƙasa zuwa sama. Na shinshina, ba ƙamshin komai. Na juya zan yi wa ƙanena magana, ashe ya yi barci, tsumman yana hannunsa.