Sai da na hana bokanmu barci sannan wasa ya daidaita

Duk Asabar bayan isha muke haɗuwa a zauren gidanmu nan Fadamar Mada, mu biyar, tabarma, fulas ɗin shayi, wani lokacin masa in wanda ya biyo ta Wunti ya tuna da mu. Dungeons & Dragons muke yi, wasan labari ne da kowa ke riƙe da jarumi ɗaya, bugu na 5 ɗin nan da ya fito a 2014, ni ne mai jan labarin. Kafin wani ya fara min wa'azi a ƙasa, takarda ce da fensir da dayis irin na lido, sai dai namu wani fuska 20 gare shi, ba wanda ya taɓa ƙona ko ashana. Mai sihirin cikin wasan ma boka muke ce masa don tsokana, kuma ƙanina ne ke riƙe da shi.

Lafiya lau muke tafiya har suka kai mataki na 5. A nan ne boka ke samun Fireball, mu dunƙulen wuta muke ce masa. Dayis mai fuska shida guda 8 ake watsawa, a tsakaice ɓarnar 28 kenan, kuma ba mutum ɗaya yake ci ba, duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ya faɗi sai ya ɗanɗana. Shi kuwa abokinmu mai riƙe da mayaƙi, a wannan matakin sara biyu yake samu, da babban takobi, in duka sun shiga bai fi ashirin da wani abu ba, a kan dodo ɗaya tak. Ranar da abin ya ishe ni, kwana uku na yi ina tsara kwanton ɓauna a bakin wani kogi, ƴan fashi tara, har taswira na zana a bayan tsohuwar kalanda. Ƙanina ya watsa dayis sau ɗaya, bakwai suka faɗi. Mayaƙi ko takobi bai zare ba, ya ɗauki kofinsa ya ce, "Malam in kun gama ku tashe ni."

Abin da na fara yi wlh kuskure ne, na ce daga yau dayis 6 ne maimakon 8. Rigima ta kaure, ƙanina ya ce Yaya wannan zalunci ne, da gaskiyarsa kuma, don shi ma ya sha wuya kafin ya kawo nan, jininsa kaɗan ne, sara biyu masu kyau sun kwantar da shi. Na janye. Sai na gwada tsarin maki da ke littafin mai jan wasa, inda ake ba boka maki ya kashe yadda ya ga dama a madadin gurabe, wato ƙididdigaggun damar yin sihiri da yake da su kafin ya huta. Ashe na ƙara wa Barno dawaki ne. A mataki na 5 maki 27 gare shi, dunƙulen wuta maki 5, wato sau biyar zai harba maimakon sau biyu da tsarin gurabe ya ba shi. Sati ɗaya muka yi na soke.

Ina kwance ne ranar da aka ɗauke wuta wayata saura kashi 4 abin ya faɗo min. Boka waya ce mai caji, mayaƙi kuma tsohuwar fitilar ƙwai, ba ta da haske sosai amma tana kai ka asuba. Matsalar ni ne nake kawo musu wuta kullum. Su yi faɗa ɗaya, boka ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sai su ce a kafa tanti a kwana, awa 8 dogon hutu, gari ya waye komai ya dawo fal. Alhali waɗanda suka tsara wasan lissafinsu faɗa 6 zuwa 8 ne tsakanin dogon hutu da wani. Mu kam wa zai yi faɗa takwas a zama ɗaya, ƙarfe sha ɗaya Baba ke rufe ƙofa.

To a littafin nan dai akwai wata doka ta zaɓi, gajeren hutu ya koma kwana ɗaya, dogon hutu kuma kwana 7. Ita na ɗauka, na ƙara nawa a kai, kwana bakwan ma sai a cikin gari mai ganuwa, ba a daji ba. Ban taɓa ko dayis ɗaya na dunƙulen wutar ba.

Zaman farko da muka gwada abin dariya ne. Tafiyar kwana biyar ce da ayari, rana ta biyu kuraye suka fito, ƙanina ya ɗaga hannu zai harba, sai ya tsaya, ya kalli takardarsa, gurbi biyu kacal, ya kalle ni ya ce, "Yaya saura kwana nawa mu isa?" Na ce Allah masani. Ya sauke hannu ya koma ɗan ƙaramin tartsatsin nan da ba ya ƙarewa, dayis biyu masu fuska goma. Mayaƙi kuwa ranar sallarsa ce, don shi ƙarin saransa na gaggawa da ɗan farfaɗowarsa duk gajeren hutu ke dawo da su, kullum safiya sabo yake tashi. Da suka iso mashigar dutse rana ta biyar, ƴan fashi sun tare gaba da baya, sannan wutar ta tashi, har mayaƙin da kansa ya yi tafi.

Ba wai ba ta da illa ba fa. Sulken sihirin da boka ke sawa awa 8 yake yi, da can gurbi ɗaya ya ishe shi yini, yanzu a sati ɗaya sai ya cinye masa duk ƙananan gurabensa, dole na ce ya riƙa kai shi har dogon hutu na gaba. Kuma akwai wani irin mai sihiri daban da gurabensa ke dawowa da gajeren hutu, in kana da shi, shi ne zai zama sabon sarki, mu dai ba mu da shi. Kayan haɗin sihiri ma na daina kau da kai, mai son tayar da wanda ya faɗi sai ya nuna min lu'ulu'un da kuɗinsa ya kai zinare 300 a takardarsa, kuma in ya yi amfani da shi ya tafi kenan.

Satin jiya sai ga ƙanina da littafi a buɗe, yatsa a kan layi, wai boka na iya dawo da wasu gurabe sau ɗaya a rana bayan gajeren hutu, a matakinsa daidai gurbin dunƙulen wuta guda, tunda kuwa gajeren hutu yanzu kwana ne, kullum safiya yana da ɗaya. Na karɓa na karanta sau biyu, haka aka rubuta. Na ce masa sai Asabar zan yanke hukunci, ya ce to amma masar wannan satin ni zan saya.